Yadda ake jan remok mai nauyi da a-kori-kura ba tare da ya kayar da mota ba

A Damagaram ba a rasa abin da za a ɗaura wa Hilux a baya a kan remok, wato tirelar da mota ke ja: tankin ruwa zuwa unguwar da famfo ya ɗauke, janareto zuwa wurin aiki a hanyar Tanut, buhunan wake daga Magarya ko Matamaye, wani lokaci har da wata motar da ta mutu. Injin gazuwal zai ja duk wannan, kuma nan ne yaudarar take. Direba ya ga mota ta tashi da kaya, sai ya ɗauka an gama magana. Alhali abin da ke kayar da mota a titi shi ne inda nauyin ya zauna da kuma yadda za a tsayar da shi. A kan waɗannan biyun za mu fi daɗewa.

Lambobin da za a karanta kafin a ɗora komai

A jikin mota, yawanci a ginshiƙin ƙofa ko cikin ɗakin inji, akwai ƙaramin faranti na masana'anta. Lambobi biyu ne suka shafe ka. Na farko shi ne PTAC, iyakar nauyin motar ita kaɗai da duk abin da ke cikinta: mutane, mai, kayan baya. Na biyu PTRA, iyakar nauyin mota da remok a haɗe. Littafin mota kuma yana faɗin nauyin remok ɗin da aka yarda ta ja, kuma kullum adadi biyu ne: mai birki da marar birki. Marar birki kilo 750 ne iyakarsa a Hilux da Land Cruiser 79, komai ƙarfin inji. Mai birki yana kaiwa kilo 3,500 a Land Cruiser 79 da wasu sababbin Hilux, amma Hilux na shekarun 2005 zuwa 2015, waɗanda su ne suka fi yawa a garejinmu, ba su kai nan ba, ƙasa da kilo 3,000 suke. Ka duba na taka motar, kada ka yi aiki da abin da aka faɗa a tasha.

Ga lissafin da mutane ke tsallakewa. A ce PTAC na motarka 3,000 ne, PTRA kuma 5,500. Idan ka cika bayan mota har ta kai 3,000 ɗin, abin da ya rage wa remok 2,500 ne kawai, ko da littafi ya ce tana jan fiye da haka. Ba a cika mota a kuma cika remok a tafiya ɗaya.

Sai nauyin kayan kansu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 2,000 tan biyu ne cif, kafin a haɗa da ƙarfen remok ɗin da kan kai kilo 500 ko 600. Buhun hatsi mai tiya 40 kilo 100 ne. Siminti kilo 50. Duro mai lita 200 cike da gazuwal yana kusa da kilo 185 da duronsa. Yashi shi ne mai ruɗi: mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi ya haura tan ɗaya da rabi, kuma in ya jiƙe ya fi haka. Remok marar birki da aka ƙera a gari, mai nauyin kilo 300, buhu huɗu na hatsi sun kusa cika masa ƙa'ida. Wanda ya ɗora masa goma sha biyar, birkin motarsa kaɗai ya bar wa aikin tsayar da kusan tan biyu na ƙari.

Ta fuskar takardu, magana gajera ce. Permi na ajin B bai rufe babban remok ba, ajin E ake nema, kuma a tabbata asirans ta ambaci remok ɗin kafin jandarma ya tambaya.

Atalaj da ƙwallonsa

Atalaj, wato ƙarfen da ake ɗaura remok a kansa, a shasi yake kamawa. Bamba ba wurin ja ba ne. Masana'anta ta bar ramuka a ƙafafun shasi biyu saboda wannan aiki, a nan ake ɗaure shi da kusoshi masu lamba 8.8 ko sama a kansu. Kusar da ba ta da lamba a kai ta ƙofa ce da gado, ba ta ja ba. Masu walda na garin nan sun iya aiki, amma ƙarfen da aka liƙa wa shasi da wuta kai tsaye yakan tsage a gefen waldar, a inda ido ba ya kaiwa, kuma gargadar hanyar jar ƙasa ita ke buɗe tsagar a hankali. Idan atalaj ɗin na masana'anta ne za ka ga faranti a jikinsa mai harafin D da harafin S. S ɗin shi ne iyakar kilon da aka yarda ya danna ƙwallo daga sama, wato dunƙulen ƙarfen da ke kan atalaj inda remok ke kamawa. Riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta.

Ƙwallon yana da girma iri-iri, kuma a kasuwarmu kayan Turai da na Amurka a gauraye suke. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka uku ne: inci 1 da 7/8, wato milimita 47.6, inci 2, wato 50.8, da inci 2 da 5/16, wato 58.7. Ido ba ya bambance 50 da 50.8, shi ya sa ake karanta rubutun da ke saman ƙwallon da wanda ke jikin ƙoƙon remok, wato bakinsa da ke haɗiye ƙwallon, a ga sun zo ɗaya. Ƙoƙo babba a kan ƙaramin ƙwallo zai shiga, zai ma yi kamar ya kulle, sai an faɗa rami ya tuma ya fice. Ƙwallon milimita 50 da ya cinye har ya sauka ƙasa da 49 ya gama aiki. Ba a cike shi da walda, sabo ake saye.

Ɗan giris kaɗan a kan ƙwallon ya isa. Da an kwance remok a goge shi a rufe ƙwallon, ko da gwangwanin tumatir ne, don giris da rairayi in sun haɗu kamar dutsen wasa wuƙa suke cin ƙarfe.

Ga mai yawan shiga daji, wajen Gure ko Damagaram Takaya, ƙugiya da zobe sun fi ƙwallo haƙuri, domin zoben yana da wurin juyawa idan mota ta karkata gefe ɗaya remok ya karkata ɗaya. Aibinsu ƙara da fizga duk lokacin da aka tashi ko aka taka birki. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne guntun rodi da aka lanƙwasa aka zura a matsayin fil. Fil na gaske ake sawa, mai rami a ƙasa da ƙaramin makulli da ke hana shi tsalle.

Lodi: inda yawancin haɗari ke farawa

A yi lodi remok yana ɗaure a mota, a wuri mai daidai, tayoyi da weji. Kaya mafi nauyi a ƙasa, a kan aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin hagu da dama, ko ɗan gabansa. Ƙa'idar da aka saba ita ce kashi 60 cikin 100 na kaya a gaban aksil, 40 a baya, hagu da dama daidai.

Dalilin wannan shi ne nauyin wuya, wato kilon da wuyan remok ke dannawa a kan ƙwallo. Ana neman kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin remok da kayansa. Remok mai tan biyu, wajen kilo 200 ke nan. Remok ɗin Turai an ƙera su da wuya mai sauƙi, kashi 5 zuwa 7, kuma atalaj ɗinsu S ɗinsa sau da yawa bai wuce kilo 100 zuwa 150 ba. In haka naka yake, ka matsa kusa da S ɗin amma kada ka haye shi. In kuwa lissafi ya nuna wuyan zai yi sauƙi ƙwarai idan aka tsaya a S, to kayan ne suka yi yawa, a rage.

Idan wuya ya yi sauƙi, nauyi ya koma bayan aksil, remok sai ya zama kamar wutsiyar da ke kaɗa kare. A gudun 40 ba za ka ji komai ba. A 70 ko 80 iska kaɗan ko rami ɗaya ya isa ya fara lilo, kuma kowane lilo ya fi na bayansa faɗi. Idan kuma wuya ya yi nauyi fiye da kima, matsalar ta koma gaba. Ƙwallon yana bayan aksil ɗin mota da fiye da mita ɗaya, don haka yana aiki kamar tsinken awo: kilo 200 a kan ƙwallo yana ƙara wa tayoyin baya wajen kilo 280, yana kuma ɗage wa na gaba wajen 80. Tayoyin gaba su ne sitiyari, su ne kuma rabin birki mafi ƙarfi. Motar da ta zauna da gindi ta ɗaga hanci, fitilunta na haska sama, ita ce wannan. Kada a manta nauyin wuyan nan cikin PTAC na mota ake ƙirga shi, tare da fasinjoji da duron mai da ke baya.

Auna shi ba wuya. Sikelin ƴan hatsi na ƙasa ya wadatar: a tsayar da guntun katako a kansa, a sauke ƙoƙon remok a kan katakon daidai tsayin da yake zama a kan ƙwallo, a karanta. Idan ƙaramin sikelin gida ne da ba ya wuce kilo 120 ko 150, a shimfiɗa katako mai kauri, kai ɗaya a kan bulo, ɗaya a kan sikelin, tsakaninsu santimita 90. A sauke wuyan a santimita 30 daga bulo. Abin da sikeli ya nuna a ninka shi sau uku. In bai kai nauyin wuyan da ake nema ba, a matso da buhu ɗaya ko biyu gaba, a sake aunawa. Mai jan kaya iri ɗaya kullum sau ɗaya zai yi wannan, ya sa alamar fenti a inda kaya ke tsayawa.

Tankin ruwa yana da nasa hali. Cikakke ko wofi, su ne masu lafiya. Rabin tanki shi ne mugu, domin in ka taka birki ruwan zai ruga gaba ya tura mota bayan ka ɗauka ka tsaya, a kwana kuma ya kwanta gefe ɗaya. Mai sa a ƙera masa tanki ya ce a raba cikinsa da faranti masu ramuka. Dabbobi ma kaya ne masu motsi: a raba su da shinge, manya a gaba, kada a bar musu filin da za su taru a baya.

Ɗauri da bel mai mariƙin ƙarfe ya fi igiyar roba, wadda ke miƙewa da zafi. Janareto ko mota a kama ta kusurwa huɗu, kowane bel yana ja ƙasa da waje.

Ɗaurawa, mataki bayan mataki

Mutum ɗaya ne zai ɗaura daga farko har ƙarshe. Inda direba ya fara yaron mota ya ƙarasa, nan ake mance makulli, kowa na zaton ɗan'uwansa ya sa.

Da farko a ɗaga ƙoƙon sama da ƙwallo da jak ɗin wuya, a dawo da mota a hankali, mai nuna hanya yana gefe inda direba ke ganinsa a madubi, ba tsakanin mota da remok ba. A ja birkin hannu. A sauke ƙoƙon har ya haɗiye ƙwallon duka, a rufe mariƙinsa, a zura fil. Sannan a yi gwajin da ba a tsallakewa: a sake murɗa jak ɗin sama. Idan bayan mota ya fara ɗagowa tare da wuyan, ya kama. Idan ƙoƙon ya rabu da ƙwallo, dama zaune yake a sama kawai. Bayan haka a naɗe jak ɗin gaba ɗaya a ɗaure shi, don tudun rage gudu na shigar gari yana karya wanda aka bari a rataye.

Sarƙoƙi biyu ake sawa, a gicciye a ƙarƙashin wuya, ta hagu zuwa dama, ta dama zuwa hagu, a maƙala su a kunnuwan atalaj. Gicciyewar ita ke zama shimfiɗar da za ta tare wuyan idan ya fice, kada ya caki kwalta remok ya wuntsila. Tsawonsu ya isa a sha kwana, amma kada su ja ƙasa.

Yawancin remok masu birki da ke shigowa daga Turai birkin turi gare su: in mota ta rage gudu, remok ya turo, wuyansa ya shige ciki ya ja wayoyin birkin. Irin wannan yana da siririyar waya ta ƙarfe da ake maƙalawa a jikin mota, wadda ke ja masa birki idan ya tsinke. A maƙala ta a atalaj, ba a jikin sarƙa ba. Na Amurka yawanci birkinsu na lantarki ne, kuma ba ya aiki sai an sa wa motar akwatin sarrafa shi kusa da direba. Da yawa suna yawo da irin wannan remok suna zaton suna da birki, alhali ko waya ba a haɗa ba.

Sai wuta. A soket mai baki 7 irin na Turai, fari shi ne mas, wato wayar da ake haɗawa da ƙarfen jiki, rawaya siginar hagu, kore ta dama, ja fitilar birki, ruwan ƙasa da baƙi fitilun dare, shuɗi ta hazo. Idan ka sa sigina fitilu duka suka kama ƙyaftawa tare, kada ka wahalar da kanka da ƙwai, farar wayar ce ba ta kama ƙarfe da kyau ba. A gwada kowace fitila mutum na tsaye a baya.

Daga nan a ja da baya a dubi mota da remok daga gefe. Remok ya kwanta daidai da ƙasa. A-kori-kura tana da tsayi, don haka sau da yawa sai an sa farantin da ke sauko da ƙwallo. A remok mai aksil biyu wannan ba ado ba ne: in hanci ya ɗaga, aksil na baya ke ɗaukar kaya shi kaɗai, tayoyinsa su yi zafi su fashe. A sauke birkin hannun remok, a cire weji.

Taya da rulma

Tayar remok ba ta cika mutuwa da cinyewa ba, rana da tsufa ke kashe ta. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida, ko gefenta ya fara tsattsagewa, ba ta jan tan biyu a zafin Afrilu da Mayu, komai kyan zanenta. A duba lambar ɗaukar kaya kuma: 104 kilo 900 ne, 106 kilo 950, 112 kilo 1,120. Tayar ƙaramar mota da aka samo a gwanjo ba ta kai nan. Taya irin 195 R14 C tana son iska bar 4.5 in an cika mata kaya. Da safe ake aunawa, taya na sanyi. In ta ɗau zafi a hanya iskar za ta hau da kanta, kuma kuskure ne a rage ta, don tayar da ba ta da iska ita ce ke ƙara zafi.

Bayan kilomita 20 ko 30 na farko, a ce ka fita ta gabas ka kai Mirya, ka tsaya. Ka taɓa cibiyar kowace taya. Ɗumi ba laifi. Wadda hannu ba ya iya zama a kanta, ko dai rulma, wato boris ɗin da taya ke juyawa a kansa, ta bushe, ko birki na kamawa. Ka ƙara ɗaure bel, domin kaya sun zauna, ka bi notocin taya da sifana, musamman in an cire tayar kwanan nan.

A kan hanya

Gudun 70 ya isa a kwalta mai kyau, 80 shi ne ƙarshe. Nisan tsayawa ba ya tafiya daidai da gudu: in gudu ya ninka biyu, nisan sau huɗu yake ninkawa. A 80 mota na cin mita 22 kowace daƙiƙa, don haka ka bar daƙiƙa biyar ko shida tsakaninka da na gaba. Hanyar Takeita zuwa Tasawa ba ta rabo da amalanke da garken awaki, kuma babu ɗayansu da ke sa sigina.

Da kaya masu nauyi giya ta huɗu ta fi ta biyar lafiya ga inji da akwatin giya. Idan allurar zafi ta fara hawa, a kashe na'urar sanyi, a sauko da giya, a rage gudu. A gangara giyar da za ka hau da ita da ita za ka sauka, birki kuma a taka a saki, kada a kwantar da ƙafa a kai har ya ƙone. Kwana a buɗe ta, don tayoyin remok suna yanke ciki fiye da na mota, abin da ƴan kabu-kabu da ke maƙalewa a gefenka a cikin gari ba sa lissafawa.

Idan lilo ya fara, ko daga iskar hunturu da ke bugun gefe ko daga tankar mai da ta fito daga matatar mai ta SORAZ ta wuce ka a hanyar Tanut, abin da jiki zai ce ka yi shi ne kuskure. Kada ka danna birki, kada ka bi lilon da sitiyari, kada ka ƙara wuta wai don ka miƙar da shi. Riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, ɗage ƙafa daga totur, bar gudun ya sauka da kansa. Mai birkin lantarki ya matsa mariƙin akwatin da hannu, birkin remok kaɗai zai ja shi ya miƙe. Da ka samu wuri ka tsaya ka matso da kaya gaba. Remok ɗin da ya yi lilo sau ɗaya zai sake, kuma a gudun da bai kai na farko ba in iska ta fi ƙarfi.

A rairayi a sa giyar ƙarfi ta ƙafa huɗu tun kafin a shiga, a ɗan rage iskar tayoyi har da na remok, a tafi da gudu ɗaya ba tsayawa. In ta fara tona, a tsaya nan take. Kwance remok a fitar da mota, sannan a jawo shi daga wuri mai tauri, ya fi ƙona kuloci. Da an hau kwalta a mayar da iska, a cire ƙafa huɗu. Da damina kuma ba a shiga ƙorama mai gudu da remok, domin ruwa na ɗaukarsa ta gefe ya ja bayan mota. Ko ruwan kwance ne, cibiya mai zafi tana tsotsar ruwa in ta nutse, sai a buɗe rulma a sake giris bayan an dawo.

Baya da remok: sa hannu a ƙasan sitiyari, inda hannunka ya nufa can bayan remok zai nufa. Kaɗan-kaɗan ake murɗawa. Gajeren remok ya fi dogo saurin naɗewa, kuma in ya fara naɗewa gaba ake yi a miƙe a sake, kafin wuyansa ya daki bamba.

Wajen kwancewa a bi tsarin a juye, amma weji ne farko, gaba da bayan taya, kafin a taɓa komai. Sai birkin hannun remok, a cire soket, a sauke jak a kan katako don kada ya nutse a yashi, a buɗe ƙoƙon a ɗaga shi. Sarƙoƙi su ne na ƙarshen cirewa, domin in remok ya motsa a daidai lokacin da ƙoƙon ya bar ƙwallo, su kaɗai ke riƙe da shi.